Tijjani Mai Tsire da Littafin Fatalwa

Ka tambayi tsofaffin unguwar Tandabawi ta Makka labarin Tijjani mai tsire, kowa zai gyaɗa kai ya ce Allah sarki, mutumin kirki ne. Yanzu ne bakinsu ya buɗe. Ranar da kalma ɗaya tak daga bakin ɗayansu za ta ishe shi, duk kurmancewa suka yi, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Allah wadaran irin wannan yabo, da sun riƙe abinsu.

Shi Tijjani Bakatsine ne, ɗan mahauta. Ya baro gida yana saurayi tare da amaryarsa Ummulkhairi, a ƙafa, yadda kowa yake zuwa Makka a wancan zamani: a yi tafiya, a tsaya a yi ƙodago, a ƙara gaba. A Madani ta ƙasar Sudan guzuri ya ƙare musu ƙat, sai ya shiga aikin kuku a gidan wani Bature mai kula da gonakin auduga. Ya shiga da niyyar damina ɗaya, ya kusa shekara goma.

Matar Baturen ba ta da abokin hira, kaɗaici ya ishe ta, shi ya sa ta zaunar da kukunta ta koya masa baƙaƙen Turanci, wai don ya daina buɗe mata gwangwanin kifi in ta ce madara. Wata rana da rana tsaka ta ƙwala masa kira. Ya zo da gudu da wuƙa a hannu, ya tarar da ita a kujera, littafi a cinya, a tsorace. Ya leƙa ƙarƙashin kujera ko maciji ne, babu komai. Ta ce ba abin da za ta sa shi, ya dai tsaya a bakin ƙofa har ta gama shafin da take karantawa. Abin ya ɗaure wa Tijjani kai. Matar da in mijinta ya yi tari manoma ke durƙusawa, ita ce takarda ke kaɗawa da rana fatsar-fatsar? Ya rantse sai ya san abin da ke cikin takardar nan.

Ya kuwa sani. Da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, tsakanin girkin rana da na yamma, yana tambayarta tana dariya. Littafi ne mai kauri na wani marubuci da ya yi suna a Ingila, wanda ba ya rubuta komai sai labarin matattu masu dawowa. Sunansa ya ƙi zama a harshen Tijjani, sai ya raɗa masa Malamin Fatalwa. Da aka mayar da Baturen da matarsa ƙasarsu, matar ta bar masa littafin, shi kuma ya cusa shi a tsakiyar ƙunshin kayansa ya haye da shi daga Sawakin zuwa Jidda, 'yan shekaru kafin babban yaƙin Turawa.

A Tandabawi suka sauka, cikin 'yan'uwa Takari. Ya fasa gwangwanayen kananzir ya miƙe su ya yi ɗaki a gefen dutse, ya gina tukuba a ƙofa ya koma sana'ar gidansu. Larabawan gari suna ce wa tsirensa siriya, suna hawowa takanas su saya. Masifaffe ne na gaske, wannan kam ba a ɓoyewa. In ka taɓa masa nama da hannu kafin ka saya, sai ya wanke ka tas a gaban kowa, ko rawaninka ya kai ina.

A shekarun yaƙi, lokacin da jiragen ruwa suka daina zuwa abinci ya yi wuya, Ummulkhairi ta kwanta ciwo ba ta tashi ba. 'Ya'yan da suka haifa duk a Sudan suka binne su, don haka ba ta da kowa sai shi. Da ta ga abin ya zo, ta riƙe masa hannu ta ce kada ya tafi ya bar ta ita kaɗai cikin baƙi. Ya yi mata alkawari. Aka yi mata salla a Harami aka kai ta maƙabartar Ma'ala, inda ba a sa wa kabari suna ko alama. Tun daga ranar Tijjani ba shi da wani buri a duniya sai ɗaya: ya mutu a Makka, a ɗauke shi a kai shi Ma'ala kusa da ita. Ya sayi likkafani, ya wanke shi da ruwan Zamzam, ya shanya, ya naɗe ya sa a ƙasan akwati. Ko Jidda aka ce ya raka wani sai ya ƙi, kada ajali ya riske shi a hanya.

In aikin Hajji ya wuce, alhazai suka watse, Tandabawi sai ta yi shiru. 'Yan dako da masu ɗiban ruwa da suka yi makonni suna kai da kawowa tsakanin Harami da Mina sai su dawo su rasa abin yi. Bayan la'asar suke taruwa a tukubar Tijjani, mai saye da mai shaƙar ƙamshi kawai. Cikinsu akwai Sabo, mai ɗiban ruwa da gwangwani biyu a sanda, ɗan ƙaramin mutum mai surutun tsiya. Shi ne ya hango littafin wata rana ta ƙofar ɗaki, ya dame shi da tambaya, har Tijjani don ya rabu da shi ya ba shi ɗan guntun labari. Washegari sai ga mutum goma sun zo da tabarmi.

Haka abin ya zama al'ada har shekaru. Littafin ba ya fitowa waje. Da safe Tijjani yake karanta abin da zai faɗa, ya soka tsinken tsire a inda ya tsaya. Da yamma yana juya nama yana barbaɗa ƙuli yana ba su da Hausa, kuma ɗan banzan ya san inda zai yanke. Daidai lokacin da ƙofar bene ta fara buɗewa da kanta sai ya ce nama ya gasu, sai gobe. Su yi ta roƙo, ya ce ko su saya ko su tashi.

Me suka gani a ciki? Ai ba labarin aljanu suka rasa ba, kowa da nasa ya zo daga gida. Sabo ya ce shi abin da ke yi masa daɗi, Bature yana gudu. Ya ga Bature a Kano, ya gan shi a Sudan, bai taɓa ganin ya tsorata ba, sai ga shi a bakin Tijjani ya zubar da hula yana ihu a cikin gidan ubansa. Sai ya kwanta yana dariya har da hawaye, alhali tsigar jikinsa a tashe take. Mahmudu tela kuwa tausayinsu yake ji. Yakan ce mutanen nan ba su da Ayatul Kursiyyu, ba su da Falaƙi da Nasi, abu ya tunkaro su sai kyandir da bindiga, wane irin zaman maraici ne wannan.

Shi Tijjani wani abu dabam yake gani, kuma in ya ga dama yakan faɗa. Yakan ce Malamin Fatalwa mahauci ne, ya san inda gaɓa take. Ba ya nuna maka abin. Sai dai ka ji sawu a saman bene, ka ga kare ya ƙi shiga ɗaki, ka ga an mayar da kujera inda ba a bar ta ba, kai da kanka za ka ƙarasa sauran a zuciyarka. Sannan matattun cikin littafin nan masu gida ne. Mutum ya mutu shekara ɗari amma ɗakinsa nasa ne, a kawo alƙali, a kawo ɗan sanda, a sayar da gidan, ba mai fitar da shi. In ya zo nan sai wurin ya yi tsit, don yawancin masu sauraren ba su da ko takardar zama, kuma kowannensu ya bar wani nasa a cikin rairayi tsakanin Barno da teku.

Akwai labari ɗaya a ƙarshen littafin da ya ƙi ba su, saboda shi kansa yana sosa masa inda ba ya so. Da suka haddace sauran har suna riga shi faɗa, suka matsa, ya sallama. Labarin wata mata ce da ƙaramar 'yarta ta mutu. Kullum lokacin shayin yamma sai a tarar an jawo 'yar kujerar yarinyar kusa da tebur. Uwar ta fara ajiye mata kofin madara, sai a tarar an sha rabi. Mijin, babban likita, ya rikice yana neman su bar gidan, uwar ta ce ba inda za ta. Rannan ta sallami kowa, ta ajiye madara, ta zauna ta juya wa tebur baya. Ta ji an ja kujera. Ta ji ana haɗiya. Ta ji ɗan numfashi a bayanta, ta dafa hannun kujera za ta waiwaya. Nan Tijjani ya ce nama ya gasu.

Bai san da wani kunne a bayan bangon gwangwani ba. Rumasa'u ce, matar Dauda ɗan dako, ita ke daka masa ƙuli da yaji a bayan ɗaki. Ta hanyar Wadai suka zo, kuma a bayan Fashir 'yarta Zainabu ta rasu. Ayari bai jira ba. Aka tona rairayi sama-sama aka rufe yarinyar aka ɗora ƙaya, ita uwar tana kan jaki zazzaɓi ya ɗauke mata hankali, ko ganin wurin ba ta yi ba. Ba ta sake haihuwa ba, ba ta kuma ambaton yarinyar, har mutane suka ɗauka ta manta.

Da safe ta zo ta durƙusa a ƙofarsa. Ta ce Baba Tijjani ya taimake ta don Allah, ya rubuta mata wurin nan a allo, inda uwar ta ga 'yarta, ya wanke ya ba ta ta sha. Ba ta son komai, fuska kawai za ta gani sau ɗaya.

Ran Tijjani ya ɓaci, ya hau ta da faɗa. Ya ce ita wace irin sakarya ce, wannan ba aya ba ce, ba addu'a ba ce. Wani Bature ne ya ci ya ƙoshi ya zauna a kujera ya ƙaga abinsa don ya sayar, ba wata yarinya, ba wata madara, kuma wanda ya mutu ya mutu. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ɗago kai.

"Baba, ai a littafi yake," in ji ta. "Wa zai zauna ya rubuta ƙarya a littafi?"

Ka ga laifinta? Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin littafi ba sai Alƙur'ani da littattafan malamai. Abin da ta sani, tatsuniya a baki take, abin da aka rubuta kuwa gaskiya ne, kuma in ciwo ya ƙi ji ana rubutawa a wanke a sha. Ta tashi da tabbacin rowa yake yi mata. Shi kuma ya ɗauka ya kashe magana, ya ɗauki kwandonsa ya tafi mayanka.

Kafin ya dawo ta shiga ɗakin, ta buɗe littafin inda tsinke yake, ta yage duk abin da ke gaba. Ta jiƙa a ƙwarya, baƙin ya ƙi fita, don ba tawadar allo ba ce. Ta yi ta murza takardun har suka zama kamar kunu, ta rufe ido ta shanye. Ta yi amai, zazzaɓi ya rufe ta. Da ta ɗan farfaɗo sai ta samo nonon akuya a 'yar ƙwarya ta ajiye a tsakar ɗaki, ta zauna ta juya baya. A haka mijinta Dauda ya dawo ya same ta, ya yi magana ta ɗaga masa hannu ya yi shiru, wai Zainabu na sha. Ya duba gefe ya ga ragowar takarda manne a ƙwarya da baƙaƙen Nasara a jiki.

Tijjani ya ga ɓarnar tun da ya dawo, ya kuma san wadda ta yi. Kwana biyu bai ba da labari ba, yana ta huci shi kaɗai yana jiran ta warke ya ci mata mutunci. Bai samu ya yi ba, don Dauda ya riga shi. Ya ɗauki ƙwaryar ya nufi gidan umda, mai unguwa ke nan, yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa mai tsire ya ba matarsa rubutun Nasara ta sha ta haukace. Kafin azahar kalmar sihiri ta zaga Tandabawi. A garin nan kuwa ba a wasa da wannan kalma, tana iya raba mutum da kansa.

Umda Abdulganiyyu haifaffen Makka ne, jikan wani alhaji Bazazzagi, Hausarsa rabi Larabci. Ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma a irin wannan rana ba ka ganin bambancin. Ya tara mutane a dakalin ƙofar gidansa bayan la'asar, daidai lokacin da suka saba taruwa a tukuba, kuma fuskokin ma su ne. Aka ajiye littafin da ƙwaryar a tsakiya, ba mai son taɓawa. Aka kawo Rumasa'u a lulluɓe aka zaunar da ita a gefe.

Tijjani ya yi bayani. Ya ce littafin hira ne, tatsuniyar Turawa ce, shekaru yana ba da ita a fili a bakin hanya, ba layar kowa ba sihirin kowa. Umda ya ji daɗin wannan, don shi ma so yake maganar ta mutu a unguwa kada ta hau sama. Ya ce to madalla, a samu mutum biyu su shaida sun zauna sun ji, kuma labari ne kawai, sai a rufe zance. Tijjani ya juya hankali kwance ya dubi mutanensa.

Kai, ka ga maza! Kowa ya lissafa a ransa: in na ce na ji, na amsa ke nan na yi shekaru ina sauraren littafin Nasara ga Ka'aba can ƙasan dutse, ga ni ba takarda. Mahmudu tela, mai tausayin Turawa don ba su da Ayatul Kursiyyu, ya ce shi kunnensa ɗaya ba ya ji, in ya zauna a wurin iska yake sha. Wani ya ce shi wucewa yake yi. Wani ya tuna bai yi la'asar ba, ya sulale. Umda ya dubi Sabo, don duk unguwa an san tabarmarsa ce ta gaba.

"Ni tsire nake zuwa saye, ya Umda," in ji Sabo. "Ban taɓa jin wani labari a wurinsa ba."

Sabon da tun da yake bai taɓa sayen tsinke ɗaya ba! Tijjani ya dube shi. Zagi ya iya, amma bai taɓa shirya wa wannan ba.

Umda ya share gumi. Ya ce saura tambaya ɗaya: shi ya ba ta, ko ita ta ɗauka? In ita ta shiga ta ɗauka ta haɗa abinta, to shi ba ruwansa, ya koma tukubarsa, maganar ta koma kanta. Dauda ya karɓe da rantsuwa cewa in haka ne ya sake ta a nan take, a miƙa ta inda ake miƙa masu irin wannan aiki.

Gaskiya tana kan harshen Tijjani, kuma gaskiyar tasa ce. Ita ta ɗauka. Ya hana ta, ta shiga ɗakinsa ba izini, ta yaga masa abin da ya ɗauko tun daga Madani, ta jawo masa wannan tozarci da furfurarsa. Haushinta yake ji kamar ya shaƙe ta. Kalma biyu zai faɗa ya koma gida, likkafaninsa na akwati, Ma'ala na nan inda take. Ya juya wajenta don ya faɗa a kan idonta. Ita ba ta ma san me ake yi ba. Ta ɗan ɗaga lulluɓi, leɓunanta duk sun bushe, ta yi masa magana a hankali yadda ake tambayar malami.

"Baba, in na waiwaya zan gan ta?"

Ya daɗe yana kallonta. Ya tuna nasa 'ya'yan da ya rufe a Madani, da yadda Ummulkhairi takan ajiye ɗan cokalin ƙaraminsu a cikin kayanta har ta mutu. Ya ja tsaki mai ƙarfi, ya juyo.

"Littafina ne, ya Umda. Ni na kawo shi garin nan, ni na buɗe baki na faɗa. Ku ƙyale 'yar mutane."

Umda ya sake tambaya, ya sake ba shi amsar nan, bai ƙara ba bai rage ba. Sai umda ya yanke: a ƙona littafin yau, shi kuma Tijjani ya bar Makka kafin wata ya mutu, ya koma inda ya fito. A nan ne mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba ya durƙusa. Ya ce zai rushe tukuba, zai ɗinke bakinsa, zai zauna a lungu ba mai ganinsa, tsoho ne, saura kaɗan, a bar shi ya cika alkawarin da ya yi wa matarsa. Umda ya kawar da kai.

"Halas, ya ammi, zance ya ƙare. In magana ta hau sama ba zan iya tare maka ba, kuma Ma'alar ma ba za ka samu ba."

Da hannunsa Tijjani ya ƙona littafin, a kan tukubarsa, bai yarda wani ya taɓa ba. Takarda ta tsufa ta sha maiƙo, nan da nan ta kama. Waɗanda ba su taɓa jin labari ba suna tsaye daga nesa suna kallo, har da masu cewa Allah ya raba mu da sharri. Bai dube su ba. Ya jira ta cinye, ya kwashe garwashin ya watsa ruwa, bai sake hura wuta a wurin ba.

Rumasa'u ta warke daga zazzaɓin, aurenta bai mutu ba. Ta daina ajiye nono. Ranar da hankalinta ya dawo ta ji abin da ya faru, ta zo ƙofarsa tana kuka za ta je ta faɗa wa umda gaskiya. Ya daka mata tsawa ya ce in ta kuskura bai yafe ba, an riga an yi asara ɗaya, ba za a yi biyu ba. Ya kore ta, kuma har ya tafi bai yi mata magana mai daɗi ba.

Ana gobe zai tafi ya je Ma'ala da hantsi. Fili ne fetal da ƙananan duwatsu, an binne wasu a kan wasu tun bayan ita, amma ya san wajen. Ya tsaya ya yi sallama ya yi addu'a. Ya so ya yi mata bayani, ya rasa ta inda zai fara, don duk yadda ya juya maganar, tafiya dai zai yi ya bar ta cikin baƙi. Ya tsaya har rana ta ƙona masa ƙeya, mai gadi ya zo ya ce ya isa haka.

Motar Jidda babbar akori-kura ce, an loda buhuna an loda mutane a kai. Tijjani ya hau ya zauna da akwatinsa a cinya. Ba wanda ya rako shi daga Tandabawi. Direba ya tayar da mota ke nan sai ga Sabo ya ɓullo da gudu, ya ajiye gwangwanayensa a tsakiyar hanya ruwa na zuba, ya kama ƙarfen motar ya ɗago kai. Zuciyar Tijjani ta ɗan yi sanyi. Ya ce a ransa ko banza mutum ɗaya ya zo neman gafara, kuma ya yi niyyar yafewa, don tafiyar da ba dawowa ba a yin ta da ƙulli.

Sabo ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Malam Tijjani, don girman Allah. Matar nan, ta waiwaya? Me ta gani?"

Tijjani ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Wace mata?" ya ce. "Kai da ba ka taɓa jin labari a wurina ba."

Ya sa ƙafa ya ture hannun daga jikin ƙarfen, mota ta ja.

A Bur Sudan ya ƙare kwanakinsa, yana gasa nama a bakin tashar jirage, bai ƙara ba kowa labari ba. Alhazan da suka biyo ta can sun ce kullum tukubarsa gabas take kallo, wajen teku. Da ya mutu maƙwabta suka buɗe akwati suka sami likkafani a naɗe, suka sa masa, ba su san da ruwan da aka wanke shi ba. Suka rufe shi a can cikin rairayi. Ummulkhairi tana Ma'ala ita kaɗai, teku a tsakaninsu.